Wayar HDMI Mai Mita 20 Ta Haɗa Ni Faɗa da Ƙanin Matata

Assalamu alaikum Malam. Ya aiki, ya iyali? Ina rubuto maka daga Hanwa, nan Zariya. Bara Allah Ya nufa muka tare a gidanmu, sai na mayar da falon ciki wurin kallo, don ba na son yara su riƙa fita gidan kallon ƙwallo da dare. Falon tsawonsa mita 7 ne. Na sayi majigi aka rataye a silin, aka sa farin allo a bango. Dikoda da amfilifaya da PlayStation 5 ta yara suna cikin durowa a ƙarƙashin allon. Daga durowar wayar HDMI, wadda ke kai hoto, ta hau bango ta bi cikin POP har wurin majigin. Guda ɗaya mai mita 10 ba ta kai ba, sai na ƙaro wata mai mita 10 da ɗan abin haɗi. Ƙanin mai ɗakina, wanda shi ya yi wayarin ɗin gidan gaba ɗaya, ya haɗa su ya tura sama kafin a rufe silin. Ya ce min waya waya ce, ba wata matsala.

To Malam, tun lokacin ba mu huta ba. In dikoda ce hoto yana zuwa, amma sai ka ga wasu fararen ɗigo-ɗigo suna ƙyalƙyali, musamman inda hoton ya yi duhu. In aka kunna injin tura ruwa, ko firij ya tashi, ko aka juya zuwa janareta, sai allon ya yi baƙi na sakan biyu ko uku sannan ya dawo. PlayStation kuwa sam, "No Signal" kawai yake rubutawa, alhali a talabijin ɗin ɗaki tana yi lafiya lau. Sannan in na taɓa ƙarfen kan wayar ina jin wuta tana ɗan tsikarina.

Wani mai shago ya ce in sayi waya mai kan zinare da aka rubuta wa 8K. Wani ya ce majigin ne jabu. Ranar nan hoton ya ɗauke a gaban baƙi ana tsakiyar wasa, raina ya ɓaci, na kira yaron na gaya masa maganganu, har na ce shi zai biya kuɗin fasa silin. Tun ranar bai sake tako gidan ba, uwargida kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu. In fasa POP ɗin? In canza majigi? Kuma laifin wane ne?

Baban Ummi, Hanwa

Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Allah Ya sanya alheri a gidan, Ya sa an shiga a sa'a.

Kada ka fasa silin, kada ka sayi majigi, mai shagon nan ma ka riƙe kuɗinka tukuna. A yadda ka zayyana abin, na fi zaton majiginka lafiyarsa ƙalau. Majigin da ya lalace ba ya zaɓen wanda zai yi wa hoto. Naka yana karɓar dikoda yana ƙin PlayStation, kuma wannan halin waya ne da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta.

Ƙanin mai ɗakinka ya faɗi gaskiyar sana'arsa ne. A wurin mai wayarin, in dai kaurin waya ya isa kuma haɗin ya ɗauru, to wuta za ta kai, ko mita 20 ne ko 50. Wayar HDMI ba haka take ba. A bakinta akwai ƙananan ƙarafa 19, cikinta kuma siraran wayoyi ne da aka murɗa bibbiyu, abin da ke bi ta cikinsu kuma lambobi ne, dubban miliyoyi a kowane sakan. Ka ɗauka kana tsaye a bakin gona kana karanta wa wani lambar waya yana can ɗaya bakin. In ka faɗa a hankali zai rubuta daidai. In ka zuba da sauri, nisan zai cinye wasu lambobin, lamba ɗaya kuma in ta ɓata sauran ba su da amfani. Shi ya sa hoton HDMI ba ya dusashewa sannu a hankali irin na eriyar da, wanda ake kallo da yayyafi a haka. Ko dai ya zo tas, ko ya fara tartsatsi, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Fararen ɗigon nan da kake gani lambobin da suka ɓata a hanya ne. Suna ko'ina a hoton, a wuri mai duhu ne kawai ido ya fi kama su.

Yanzu dubi nauyin da kowace na'ura ke ɗora wa wayar. Yawancin dikodojin da ke gidajenmu suna fitar da hoto mai girman da ake kira 1080i ko 720p, wato kamar gigabit 2.2 a sakan (gigabit ɗaya lambobi miliyan dubu ne). Hoton 1080p mai juyawa sau 60 a sakan ya ninka wannan, kusan 4.5. Hoton 4K mai juyawa sau 60 kuwa ya kusa gigabit 18, ninki takwas na dikodarka ke nan. Wayar da take haki da kaya ɗaya, ina za ta da takwas? Masu tsara HDMI ba su kafa wa waya iyakar tsawo a rubuce ba, amma masu aikin sun daɗe da sanin inda take gajiya. Wayar jan ƙarfe zalla, wadda ba ta da wata na'ura a kanta, tana kai 1080p mita 10 cikin sauƙi, mai kauri mai kyau ta kai 15. In gigabit 18 ne, daga mita 5 zuwa 7 an fara addu'a. Tsarin HDMI 2.1 da ya fito a 2017, mai ɗaukar gigabit 48, mita 3 ne wurin da hankali ke kwanciya. Kai kana da 20, kuma da haɗi a tsakiya. Kowane haɗi yana cin wani abu daga ƙarfin siginar, ga shi a cikin silin inda zafin kwano na watan Maris da Afrilu ke buɗa ƙarfe da rana ya tsuke da dare, ga ƙurar hunturu, ga ɓera.

Wani abin kuma, falon mita 7 ba ya cin waya mita 20. Hawa bango bai kai mita 3 ba, tafiya a silin zuwa majigi wataƙila 5 ko 6, a ƙara ɗan sassauci a kowane baki. Mita 12 ya ishe ka. Ragowar tana can naɗe a sama, ba ta tsinana komai sai rage wa hoton ƙarfi.

Za ka ce, to me ya hana PlayStation ta rage hoton da kanta tunda wayar ba za ta iya ba? Dalili shi ne, da zarar an kunna, majigi yana aika mata da ɗan bayani da ake kira EDID, yana gaya mata irin hoton da yake iya karɓa. Bayanin nan ƙarami ne, yana wucewa ko a doguwar waya. In majigin ya ce yana karɓar 4K, sai ta turo 4K. Su biyu suke shiryawa, babu mai tambayar waya ko za ta iya.

Duk wannan zato ne har sai ka gwada, gwajin kuma ba ya cin ko sisi. Sharaɗi ɗaya: kafin ka zare ko ka soka kowace waya, ka kashe komai daga soket. A gidanka wannan ba ƙa'idar littafi ba ce kawai, zan zo kan dalili.

Ka ɗauki PlayStation ka kai ta kusa da majigin, ko a kan tebur da aka ɗora wa kujera, ko ka sauko da majigin ƙasa. Ka haɗa su da gajerar wayar da ta zo a cikin kwalinta. In hoto ya fito tas, ka wanke majigi, maganar jabu ta mutu. In bai fito ba, ka gwada ɗaya ramin HDMI na majigin, sannan ka mayar da PlayStation kan talabijin ɗin ɗaki, ka shiga saitin hoto ka sa ta a 1080p, ka kashe HDR (saitin ƙara wa hoto haske da launi), ka dawo ka sake gwadawa. Sai an yi duk wannan bai yi ba za a fara zargin majigi.

Bayan nan ka mayar da ita durowa, tana nan a 1080p, ka zare doguwar wayar daga amfilifaya ka soka mata kai tsaye. Ana cire amfilifaya ne don ita ma wani lokaci ita ce mai laifin: da yawa daga waɗanda aka ƙera kafin 2015 ba su san makullin hana satar fim na HDCP 2.2 da finafinan 4K ke nema ba, wasu kuma sai an shiga saitinsu an buɗe musu hanyar 4K. In hoto ya zo a 720p, ya zo da tartsatsi a 1080p, ya ƙi zuwa a 4K, to magana ta ƙare, wayar ce. Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda kana rubutawa a takarda. Mutane sukan canza waya da rami da saiti a tashi ɗaya, in ya yi ba su san abin da ya gyara ba, in ya dawo gobe sai a koma farko. Don ganin tartsatsin sosai, ka tsayar da hoto a wuri mai duhu, ka kashe fitila, ka matsa kusa da allon.

Akwai tambayar da ba ka yi ba amma ta fi sauran sauƙin kuɗi. Ka nemi takardar majigin, ko ka buga lambar samfurinsa a intanet, ka duba ainihin girman hoton da yake haskawa. Majigai da yawa a kasuwa an rubuta musu 4K da manyan baƙaƙe a kwali, amma abin da ake nufi shi ne suna karɓar 4K su matse shi, abin da ke fita a allo ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye ne, wasu ma 1280 da 720. In naka irin wannan ne, tura masa 4K wahalar da waya ce kawai, idonka ba zai ga bambancin ko ƙwayar gero ba. Ka bar komai a 1080p, ka rage wa kanka kashi uku cikin huɗu na nauyin.

Sai maganar ɗaukewar hoto in injin ruwa ya tashi. Injin da ke da mota a ciki, irin na ruwa da firij da na'urar sanyaya ɗaki, yana fizgar wuta da ƙarfi a lokacin tashi, kuma yana watsa hayaniya a cikin wayoyin wutar gida. Siginar da ta riga ta galabaita a mita 20, ɗan wannan ya isa ya ture ta. Da ta yanke, sai na'urorin biyu su sake gaisawa daga farko, su sake musayar makullin HDCP da ke hana satar fim, shi ne sakan biyu ko ukun da kake zaune a duhu. Ina kyautata zaton wayar HDMI ɗin tana kwance a jikin wayoyin wuta a cikin silin, ko ma fayif ɗaya suka bi. Ya kamata a raba su da kamar ƙafa guda, in dole sai sun haɗu to su gitta juna, kada su jera. Juyawa zuwa janareta kuwa wuta ce ke yankewa na ɗan lokaci, ba laifin waya ba ne. Maganinsa ƙaramar UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta, ko layin inbata da zai riƙe majigi da durowar. In majigin mai ƙwai ne ma wannan ya zama dole, domin ƙwan yana bukatar fankarsa ta ci gaba da juyawa bayan an kashe, ɗauke masa wuta kwatsam yana rage masa kwana.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wanda ka faɗa a gurguje, wato tsikarin wuta. Na'urori irin su dikoda da majigi sukan zubar da 'yar wuta kaɗan a jikin ƙarfensu. In gida yana da wayar ƙasa mai aiki, wannan koriyar mai ratsin ruwan ɗorawa da ke zuwa doguwar ƙafar fulogi, sai wutar ta bi ta shige ƙasa ba wanda ya sani. In babu, sai ta tsaya a jikin ƙarfen; wanda ya auna zai iya ganin kusan rabin wutar soket, volt ɗari da wani abu, ko da yake ba ta da ƙarfin da za ta riƙe mutum. Ba ta kashe mutum, amma tana kashe ramin HDMI. Ka soka waya ana kunne, ta yi ɗan tartsatsin da ido ba ya gani, shi ke nan ramin ya tafi, gyaransa kuma sai an taɓa allon cikin na'ura. Ga kuma wayar dish da ta sauko daga rufi ta shiga dikoda da nata bambancin wutar. Abin da ake bukata: a tabbatar akwai sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, an ɗaura ta da akwatin rarraba wuta, kuma wayar ta iso soket ɗin durowa da na silin duka. A duba fulogan da aka karye wa ƙafa ta uku, da estenshan ɗin da ke da rami uku amma waya biyu ce a cikinsa, irinsu sun cika kasuwa. Majigi da durowa su sha wuta daga layi ɗaya. In kuma abin ya wuce tsikari, ya zama fizga ta gaske, ka kashe layin falon daga akwati, kada yaro ya kusanci wurin sai ma'aikaci ya duba.

Ma'aikacin nan kuwa kana da shi, shi ne wanda ka kora.

Ka tambaye ni laifin wane ne. Rabonsa shi ne ya ce ba matsala a kan abin da bai sani ba, kuma ya bari aka rufe silin ba a kunna an gani ba. Rabonka shi ne kai ka sayo wayoyin biyu da abin haɗin, kai ma kana tsaye aka rufe. In aka auna, ban ga wanda zai biya wani ba. Ka janye maganar biyan nan gaba ɗaya, kada ka bar ta tana reto. Ƙanin mata abokin wasa ne a wurinmu, shi ya sa mutum yakan saki baki da shi fiye da yadda zai yi da yayanta, amma wasa daban, a ci masa fuska a kan sana'arsa daban. Abin da ya yi wa Maman Ummi zafi ba majigi ba ne. Ƙaninta ya yi maka wayarin ɗin gida sukutum, wataƙila a farashin da bare ba zai karɓa ba, fitila na kamawa, fanka na juyawa, sai ga shi an kira shi mara iya aiki a kan waya guda. Ka fara da ita. Ka gaya mata ka bincika ka gano abin ba daga hannunsa yake ba, kuma za ka same shi da kanka. Kada ka aike ta, kada kuma ka tura saƙon waya. Ka taka ka same shi a shago ko a gida, ka ce, "Ranar nan raina ne ya ɓaci, na faɗi abin da bai kamata ba, ka yi haƙuri. Akwai aikin da nake so ka duba min." Girmanka ba zai ragu ba. In aka duba aka tarar babu wayar ƙasa, wannan kam a fagensa yake, sai a yi maganar cikin natsuwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma kafin ka buɗe baki ka tuna ko kai ne ka ce a bar sandar sai an samu kuɗi, domin a gini sau da yawa daga mai gida ake soke ta. Kuma wannan karon ka biya shi kuɗin aikinsa cikakke.

To, in gwaji ya tabbatar wayar ce, me za a sa a madadinta?

Hanyar da na fi so ita ce wadda mai shago ba zai gaya maka ba, don babu abin da zai sayar. Ka tsawaita wayoyin da ke jure nisa, ka gajarta wadda ba ta jurewa. Wayar dish tana tafiya mita 20 ko 30 ba ta ce uffan ba. Wayar sifika ma haka, in jan ƙarfe ce mai kaurin 1.5 ko 2.5, irin wadda ƙanin naka ya sani kamar yunwar cikinsa. Saboda haka ka ɗauke durowar daga ƙarƙashin allo ka mayar da ita bayan falo ko gefen kujeru, kusa da inda majigin yake. Sai wayar HDMI ta dawo mita 5 ko ƙasa da haka, guda ɗaya, babu haɗi. Ribar ƙafa kuma, fitilun dikoda sun daina ƙyalli a ƙarƙashin allo.

In tsarin falon bai ba da haka ba, ko uwargida ta ce durowarta ba ta motsawa, sai wayar HDMI ta faiba, mai zaren gilashi a ciki. A kanta akwai 'yar na'ura da ke mayar da sigina haske, a ɗaya kan ta mayar da shi yadda yake. Mita 15 ko 30 ba komai ba ne a wurinta, siririya ce, kuma hayaniyar injin ruwa ba ta shiga haske. Sai dai tana da sharuɗɗa. Hanya ɗaya take bi: kan da aka rubuta wa "Source" yana zuwa amfilifaya, mai "Display" yana zuwa majigi. In aka juya ta ba za ta nuna komai ba, kuma an sha tura ta a silin a juye sai an gama a gane. Wutar da take aiki da ita volt 5 ce da take sha daga ramin HDMI, wasu na'urorin ba sa ba da isasshiya, shi ya sa wasu wayoyin ke zuwa da ɗan reshen USB. Ba a lanƙwasa ta sosai, ba a jan ta ta kai, in kan ya lalace kuma ba ya gyaruwa. Yawancinsu akwai siraran wayoyin jan ƙarfe a gefen gilashin, don haka ba ta ɗauke maka gyaran wayar ƙasa ba.

Ɗaya hanyar ita ce wayar intanet ta Cat6 da ƙananan akwatuna biyu, mai aikawa a durowa, mai karɓa a wurin majigi. Masu kyau su ne waɗanda aka rubuta wa HDBaseT, tsarin da ya fito a 2010, suna kai mita 70, manyansu har 100. Masu arha yawanci 1080p ne iyakarsu, wasu suna matse hoto, wasu suna kawo ɗan jinkirin da mai kallon ƙwallo ba zai lura ba amma yaron da ke riƙe da hannun PlayStation zai yi ta ƙorafi. Abin da ya sa nake ganin girman wannan hanya a garinmu shi ne ana iya gyara ta. Wayar tana shiga kowane fayif don ba ta da kai sai an gama ja, in ɓera ya ci a sauya da kuɗi kaɗan, kuma duk mai haɗa kyamarorin tsaro ko intanet, daga Samaru har PZ, zai matse maka kan cikin minti biyar. Ka dai kula da wayar kanta. Akwai mai alminiyon a ciki da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka kankare silin waya ɗaya da reza, in fari ya bayyana ka ajiye musu kayansu. Kuma wayar daga akwati zuwa akwati take tafiya, ba ta bi ta na'urar intanet ɗin gida.

Na'urorin da ke tura hoto ta iska ba waya, ka bar su. A mita 7 ba su da abin da za su ba ka sai ƙarin abin da zai lalace.

Zinaren da mai shago ke yabo yana hana bakin waya tsatsa ne kawai, ba ya ƙara mata ko taku ɗaya na nisa. Rubutun 8K kuma kowa na iya buga shi a leda. Shaidar da ake dubawa ita ce tambarin "Premium High Speed" ga mai gigabit 18, ko "Ultra High Speed" ga mai 48, kowanne da ɗan hoton lambar QR da ake dubawa da wayar hannu. Ko da shi ma, ka yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa in ba ta yi ba za ka dawo da ita. In ba ka samu a Sabon Gari ko PZ ba ka aika Kaduna ko Kano, to sharaɗin ya fi zama dole, ka sa a rubuta a rasit. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma a harkar nan tsada ma ba shaida ba ce.

Duk wadda ka sayo, ka shimfiɗa ta a ƙasan falo tukuna, ka haɗa komai yadda zai zauna, ka sa hoto mafi nauyi da za ka riƙa kallo, ka bar shi awa biyu ko uku. A kunna injin ruwa, a juya janareta, a kashe a kunna. Sai ta ci wannan jarrabawar za ta hau sama.

Hawa saman ma ba ya bukatar guduma. In tsohuwar wayar a cikin fayif take, a ɗaura sabuwar a wutsiyarta da salatif a ja a hankali, sai dai abin haɗin nan na tsakiya zai iya rabuwa a hanya, don haka a fara neman inda yake. Kan HDMI da robarsa ba ya wucewa a fayif na milimita 20, sai 25 ko 32, kuma kada kowa ya ce zai yanke kan ya sake haɗa wayoyi 19 da dalma. In ba a fayif take ba, ramukan fitilun silin ƙofofi ne: a zare fitila, a tura sandar jan waya daga rami zuwa rami. In duk ya gagara, farin kwaroron roba da ake mannawa a kusurwar bango da silin ya wadatar, in an shafa masa fentin ɗakin ba mai lura. A wurin majigi a ɗaure wayar a jikin ƙarfen rataya, kada nauyinta ya rataya a kan ramin. Ka ce wa ƙanin naka ya ja igiyar nailan guda tare da sabuwar wayar ya bar ta a ciki, saboda ranar da za a sake.

In damina ta kama, daga Mayu har Satumba, hadari na tasowa ka zare wayar dish daga bayan dikoda, ka zare fulogan durowa da na majigi daga bango. Kashe makunnin soket kawai bai isa ba, tsawar da ta faɗi nesa ma tana iya biyo wayar dish ta ratsa dikoda da amfilifaya ta kai majigi ta wannan wayar HDMI ɗin.